Ma'aunin jijjiga na leza: littafin aikin ɗakin saman bene a Jidda

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Kawu ne sanadin wannan aiki, ko da yake har yanzu kallon wasan yara yake yi masa. Fiye da shekara talatin yana gyaran dinamo a nan Jidda, injin nan da ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na saman bene, kuma duk kayan binciken da ya mallaka wata doguwar sukudireba ce. Yakan dafa bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, can sai ka ji ya ce boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar inji ke juyawa a ciki, ko fankar ciki ce ta sha yashi. Da wuya ya kuskure. To amma kunnen ya fara nauyi, shi ma ya sani, don yanzu sai ya miƙo min sukudirebar ya ce, "Ɗana, ji min wannan." Ni kuwa duk ƙara ɗaya nake ji.

Shi ya sa na ƙuduri aniyar haɗa abin da zai auna jijjigar inji da hasken leza. Dabarar tsohuwa ce, ta Albat Maikelson, wanda ya fara gwada ta a Jamus a 1881. Ana raba haske gida biyu da wani gilashi mai barin rabi ya wuce, ya karkatar da rabi. Kowane kashi ya je ya bugi madubinsa ya dawo, su sake haɗuwa. Da yake haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, tudu da kwari, inda tudu ya gamu da tudu sai wurin ya haskaka, inda tudu ya faɗa kwari sai su kashe juna, duhu ya fito. Abin da ke bayyana a bango ratsi-ratsi ne, ja da baƙi, kamar saƙi. Madubi ɗaya na motsawa, ratsin zai yi tafiya. Ƙirga ratsin da suka wuce shi ne awon.

Na kwashe tarkacen da ke ɗakin saman bene na kafa tebur. Hajiya ta yarda, da sharaɗin ba zan taɓa mata igiyar shanya ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na yini a Harajin Sawarik, kasuwar gwanjon Jidda, na dawo da ƙura da abu biyu: guntun dutsen giranet da aka yanko daga kan kabad ɗin kicin, da tsohuwar na'urar haska hoto a bango, wadda na farke don tabaran da ke cikinta. Gilashin raba haske da madubai biyu masu azurfa a fuska ta intanet na sayo su. Madubin banɗaki ba ya yi, don azurfarsa tana baya, sai haske ya dawo biyu, ɗaya daga gilashi ɗaya daga azurfa.

Lezar da na fara da ita ta nuni ce, ja, irin ta riyal kaɗan. Awa uku ina murɗa madubai, ɗigo biyu suna hawa kan juna a bango, amma ko ratsi ɗaya ban gani ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na gano laifin, kuma rabi nawa ne rabi na leza. Irin wannan ƙaramar leza ba launi ɗaya tak take fitarwa ba, launuka ne da yawa maƙwabtan juna. In hannayen na'urar biyu, wato nisan kowane madubi daga gilashin raba haske, ba su zo daidai a tsawo ba, ratsin wannan launi sai ya faɗa kan duhun wancan, komai ya dame ya koma ja zalla. Da na ɗauko ruler na daidaita hannayen har abin da bai kai milimita ba, sai ga ratsi ya leƙo, dishi-dishi. Na yi kabbara har ƙanwata ta hauro da gudu, tana zaton lantarki ne ya ja ni.

Murnar ba ta daɗe ba. Lezar na ɗumi sai launinta ya yi tsalle, ratsin ya ɓace ko ya zabura gefe ba tare da an taɓa komai ba. Ba a awo da mudun da ke canza girma. Na yi odar tsohon bututun leza na iskar hiliyam da niyon.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau hutun ranar kafuwar ƙasa, shagon da nake gyaran allunan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a rufe, kuma bututun ya iso tun ranar Laraba. Gilashi ne siriri, bai kai kamu ɗaya da rabi ba, yana ci da wutar da ta haura bolt dubu, saboda haka na rufe shi cikin bututun roba na sa wa ɗakin kwaɗo. Ƙarfin haskensa kaɗan ne, amma ba abin leƙawa da ido ba ne, kuma yaran gidan nan ba su san bari ba.

Wannan ita ce leza. Tsawon zangon haskenta, wato daga tudu zuwa tudu, nanomita 632.8 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma ba ra'ayin wanda ya ƙera ta ba ne, ɗabi'ar ƙwayar niyon ce, haka take a Jidda haka take a Kano. Tun da hasken zuwa yake ya dawo, madubi ya matsa rabin wannan, wato nanomita 316, ratsi ɗaya ya wuce. Gashin kai ɗaya a tsaga shi wajen kashi ɗari biyu, kashi ɗayan ke nan. Kuma ba ta da tsegumin 'yar'uwarta: ko hannayen sun bambanta da 'yan santimita, ratsin na nan baƙi ƙirin da ja jawur.

Abu biyu na koya da yamma. Sai an bar ta ta yi rabin awa tana ci kafin ta natsu, don gilashin yana miƙewa yayin da yake ɗumi. Sannan in hasken ya dawo ya koma cikin bakin bututun, sai ta rikice tana kyaftawa. Na ɗan karkatar da madubai yadda mai dawowa zai faɗa gefen baki.

Matsalar da ta rage ita ce ratsin ba ya tsayawa. Rawa yake yi ba dare ba rana.

Asabar, 8 ga Maris, 8 ga Ramadan

Makonni biyun nan yaƙi nake da abin da na ce ina so in auna. Na shiga aikin ina tsoron na'urar ba za ta ji ba, ashe jin ne ya yi mata yawa. Ana rufe ƙofa a hawa na biyu ta sani. Wayit, wato tankar ruwa, ya tsaya a layi yana juye ruwa ta sani. Injin wankin maƙwabta ya shiga matsa, ratsin ya narke gaba ɗaya. Na yi tari daga bakin ƙofa, ya girgiza.

Abin da ya sanyaya min rai shi ne mai dabarar ma haka ya sha. A Balin zirga-zirgar titi ta hana shi aiki, sai da ya kwashe kayansa ya koma gidan duban taurari na Fotsdam, kuma can ma ya rubuta cewa in aka buga ƙafa a daɓen titi daga nisan wajen mita 100, ratsin ɓacewa yake. Da ya sake gwajin a Amurka a 1887 tare da Edwad Moli, kan ƙaton dutse suka ɗora na'urar, dutsen kuma yana yawo a kan ruwan zaiba. Ni ba ni da zaiba, kuma ba na fatan ta a gidan da ake renon yara. Abin da nake da shi robar cikin tayar keke ce.

Ga yadda na jera: kwandon roba cike da yashi a ƙasa, katako a kai, robar taya da iska kaɗan a cikinta, sannan dutsen giranet. Sirrin yana wajen iskar. Da na cika ta tam, ba ta tsinana komai ba. Sai da na sace ta har dutsen yana lilo a hankali in an taɓa shi, kamar kwale-kwale a bakin gaɓa, sannan ta fara shanye jijjigar bene. Abu mai nauyi a kan abu mai laushi ba ya bin motsi mai sauri, iyakar ilimin ke nan. Masu LIGO a Amurka, ƙatuwar na'ura irin wannan, da suka ji wucewar igiyar nauyi daga sararin samaniya ranar 14 ga Satumba, 2015 da hannaye masu tsawon kilomita 4, ratayen madubansu suka yi hawa huɗu saboda wannan dalilin. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce to su ma robar keke suka sa?

Sauran rawar ba ta ƙasa ba ce, ta zafi ce. Madubi ɗaya na ɗaure shi a bakin guntun alminiyon na firam ɗin taga, tsawonsa santimita 10. Alminiyon na ƙara kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, wato wannan guntun na miƙewa maikiron 2.3 (maikiron ɗaya nanomita dubu ne), ratsi bakwai ke nan, alhali dutsen da ɗayan madubin ke kai bai ma san an yi ba, don shi jinkirin ɗaukar zafi gare shi. Duk sanda mukayyif ya tashi sai in ga ratsi na tafiya a jere kamar ayari. Na cire alminiyon, na manne madubin biyu a jikin dutsen da gam. Ita kanta iska ba ta bar ni ba: ta ƙara digiri ɗaya, saurin haske a cikinta ya canza da wajen kashi ɗaya cikin miliyan, kuma a hannu mai santimita 15 wannan ya isa ya ture rabin ratsi. Na kusantar da tafin hannuna ba tare da na taɓa komai ba, ratsin ya kauce. Yanzu na kifa wa na'urar akwatin farin soso na kifi, na huda masa ƙofa ɗaya.

Wani abin dariya: kafin azumi, ƙarfe uku na dare ne lokacin da gari ke yin tsit. Yanzu ƙarfe uku na dare Jidda kasuwa ce, motoci, yara na ƙwallo a layi, ana soye-soyen sahur. Lokacin shiru ya koma bayan fitowar rana, daga bakwai zuwa wajen goma. Ba daga agogo na gane ba, ratsin ne ya nuna min.

Juma'a, 21 ga Maris

Ido ba zai iya ƙirga ratsi dubu a sakan ba, don haka na sa idon lantarki, ƙaramin BPW34, da da'irar ƙara ƙarfi, na kai siginar cikin kwamfuta ta katin sauti. Nan take wata nakasa ta fito. Ido ɗaya haske da duhu kawai yake gani suna musanya, bai san ko madubi gaba ya yi ko baya ba. Abu mai jijjiga kuwa kai-komo ne aikinsa.

Magani ido biyu ne. Na faɗaɗa ratsin da tabarau, na ajiye ido na biyu nesa da na farko da rubu'in faɗin ratsi. Yanzu in madubi ya yi gaba na dama ne ke fara ganin haske, in ya yi baya na hagu. Kamar mutum biyu ne zaune a bakin hanya, wanda ya fara amsa sallama shi ke nuna daga inda baƙo ya fito. In aka zana siginar ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ɗigo na zagaya da'ira, zagaye ɗaya ratsi ɗaya, kuma inda ya tsaya a jikin da'irar shi ke ba da ɓarin ratsi. Tawa ba da'ira ta fito ba, ƙwai ne a karkace. Akwai lissafin gyara wannan da Haidaman ya wallafa tun 1981, na rubuta shi cikin manhajata, ƙwan ya koma faifai.

Goman ƙarshe ta shigo. Na rufe akwatin sai bayan salla.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na manna ƙaramin madubi a faifan ƙararrawar tsohon agogo, irin mai lanƙwasa in an ba shi wuta, na kaɗa shi da sauti daga waya. Na'urar ta bi shi tiryan-tiryan. Ina rage sautin tana bi, har motsin ya sauka ƙasa da nanomita uku, nan hayaniyar ɗakin ta haɗiye shi. Wannan ne iyakata a yanzu, da safiyar Juma'a, mukayyif a kashe, ni kuma ina zufa.

Akwai wani ƙaho, wato tsini a zanen jijjigar da kwamfuta ke nunawa, da ke fitowa kullum a bugu 60 da 120 a sakan, ko madubi na motsi ko ba ya yi. Wutar gidan ce, don lantarkin Saudiyya 60 yake bugawa, ba 50 irin na Najeriya da Sudan ba. Na mayar da da'irar kan batir, na kashe fitila, ya ragu amma bai mutu ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yau aka hau da dinamo. Kawu ya kawo guda biyu iri ɗaya, ɗaya sabo a kwali, ɗaya wanda ya ciro daga wani gida a makon jiya, mai shi ya ce ƙararsa ta canza. Kawu ya saurara da sukudireba ya ce bai ji komai ba, tsegumin mai gida ne.

Shirin ya ci rabin yini. Na so in kunna injin haka nan, Kawu ya daka min tsawa.

"Kai, ba a kunna shi a bushe, sil ɗin da ke tare ruwa zai ƙone. Ɗauko bokiti."

"To, Kawu. Ku yi haƙuri."

Muka haɗa tiyo yana ja daga bokiti yana mayarwa. Na ajiye injin a ƙasa kan tabarmar roba, nesa da dutsen da santimita 40, wanda ya tilasta min tsawaita ɗayan hannun da ƙarin madubi don su zo kusa da juna. Madubin da na manna a jikin injin kuma ba gaba da baya kaɗai yake yi ba, yana kaɗa kai, sai hasken ya riƙa kauce wa idanun. Na sa tabarau a gabansa yadda hasken zai tattaru ya zama ɗigo a fuskar madubin. Da haka ko ya karkata kaɗan, hasken na dawowa kusan ta hanyar da ya zo.

Akwai iyakar gudu kuma. Madubi mai tafiyar milimita ɗaya a sakan yana wuce ratsi 3,160 a sakan. Katin sautina na ɗaukar samfuri 96,000 a sakan, wato ba zai bi abin da ya haura 48,000 ba, kimanin milimita 15 a sakan. Duka injinan biyu ba su kai can ba, alhamdu lillahi.

Babban motsin duka biyun a bugu 58 yake, juyin sandar injin ke nan, 3,480 a minti. Sabon ya ɗan fi tsohon natsuwa, ba wani abin a zo a gani ba. Amma da na ɗauki sakan goma na buɗa wajen 170 zuwa 185, sai na ga bambanci. Sabon yana da ƙaho biyu: 174, wato juyin sanda sau uku, da 180, wato wutar gida sau uku. Tsohon yana da na uku a tsakiyarsu, a 177, ɗan ƙarami, tsayinsa 'yan nanomita goma-goma.

Boris ɗin da ke ciki lamba 6203 ne, mai ƙwallo takwas. In zoben wajensa ya sami rami, ƙwallayen na faɗawa ciki sau 3.05 a kowane juyin sanda. A ninka 58 da 3.05, 177 ne. Don kada in yaudari kaina, na sa Kawu ya ɗan murɗe bawul. Gudun injin ya canza kaɗan, 180 bai motsa ba, amma 174 da 177 suka matsa tare. Ashe na sanda ne, ba na wuta ba.

Kawu bai ce komai ba, ya ɗauko fula, wato ƙarfen cire boris, ya zare boris ɗin, ya fasa shi, ya wanke zoben da fetur ya ɗaga wajen taga. Ga ramin nan, bai kai kan allura ba, da alamar tsatsa a gefensa, irin wadda raɓar Jidda ke jawowa in inji ya daɗe a ajiye. Ya juya shi ya sake juyawa.

"Ka gani da gaske," in ji shi. "Amma wannan ai sai ya yi wata shida yana aiki. Kuma nawa boris yake? Wa zai biya ka ka hau masa bene da dutse da akwatin kifi?"

Na so in yi musu, ban sami abin cewa ba. Saita na'urar ya ci awa huɗu, canza boris ɗin minti ashirin.

Juma'a, 16 ga Mayu

Maganar Kawu ta yi mako biyu tana cina, daga baya ta juya min aikin gaba ɗaya. Wannan na'ura ba ta yawon gidaje ba ce. Abin yawo shi ne ƙaramin ma'aunin girgiza irin wanda ke cikin waya, kamar ADXL345, mai araha, wanda za a manna da maganaɗisu a jikin inji. Aibinsa shi ne ba ka san gaskiyar lambar da yake ba ka ba. Leza kuwa ba ta buƙatar a gwada ta da wani, zangon haskenta shi ne mudun. Tun 1983 ma da tafiyar haske ake fassara mita kanta, kuma manyan ɗakunan awo na duniya da irin wannan karon hasken suke tantance ma'aunan girgiza. Wato dutsen ya zauna a ɗaki, a riƙa kawo ƙananan ana gwada su da shi.

Na yi teburin girgiza da tsohuwar lasifika, na manna madubi da ma'aunin a faranti ɗaya a tsakiyarta. Ina kaɗa ta a bugu 159.2, ba don son wahala ba: a wannan bugun lissafi na zuwa cif, motsin maikiron 10 kowane gefe daidai yake da gudun milimita 10 a sakan. Daga ƙarshe zuwa ƙarshe maikiron 20 ne, ratsi 63. Ina ƙara sauti har na ƙirga 63, sannan in duba abin da ƙaramin ya ce. Cikin ukun da na saya, biyu sun zo kusa, na ukun yana ƙari da wajen kashi shida cikin ɗari. Na rubuta wa kowanne lambar gyaransa a baya da alƙalamin fenti.

Abin da bai warware ba: ƙananan suna ganin 58 sarai, amma ƙahon 177 na tsohon dinamo yana dab da nutsewa a hayaniyarsu. Na roƙi Kawu ya daina zubar da matattun boris, ya tara min a gwangwani, in riƙa mayar da su cikin inji ɗaya bayan ɗaya in ga daga wane girman rami suke fara ji. Ya kawo bakwai jiya, haɗe da sukudirebarsa, wai a gwada ta ita ma a kan kowanne, shi da kunnensa ni da na'urata, a rubuta.

Zafi ya fara hana zama a ɗakin bayan ƙarfe tara, ga aikin mukayyif ya taso a shago gabanin Hajji. Robar tayar ma tana sacewa, duk kwana uku sai na ƙara mata iska. Gobe bayan asuba zan fara da boris na farko.